Awon Gas a Hanyar Gidan Waya

A shekarar da na gama kwalejin horon malamai na dawo Kafanchan na fara koyar da lissafi da kimiyya a wata firamare kusa da layin dogo, a shekarar ne Baba da Kawu suka haɗa hannu suka sayi mota. Tsakiyar shekarun saba'in ke nan. A-kori-kura ce ta hannu, fara ce a da, amma jar ƙasar hanyoyinmu ta riga ta rine ta. Dizal take sha, wanda a wajenmu gas ake ce masa.

Baba bai daɗe da barin aikin reluwe ba, inda ya yi shekara da shekaru yana gyaran injin jirgin ƙasa. Kawu, ƙanen Mama, direba ne a soja, bayan yaƙi ya ajiye kaki ya dawo gida. Baba ya san inji ciki da waje amma bai taɓa riƙe sitiyari ba. Kawu kuwa ya iya tuƙi kamar a mota aka haife shi, sai dai in aka buɗe bonet ruwa da baƙin mai kawai ya san inda ake zubawa. Kowa ya ce haɗin ya yi kyau. Suna ɗauko citta daga Kwoi, doya da acca daga ƙauyuka, ranar kasuwa kuma su kwashi mutane da kayansu.

Baba da Mama ba yarensu ɗaya ba, saboda haka Hausa muke yi a gida, da ita ake addu'a, da ita ake faɗa. Ta Kawu ta bariki ce, ba ruwanta da mace ko namiji, komai "shi" ne a bakinsa.

Wata Asabar ya dawo daga hanyar Kaduna da wani ɗan jan gwangwani a aljihun rigarsa. Ya ajiye shi a kan teburin cin abinci kamar wanda ya kawo kyauta daga Ikko. Wani mutum ne, in ji shi, yake sayarwa a bayan motarsa a Kasuwan Magani. Murfi ɗaya ake zubawa a cikin tanki, sai gas ya daɗe bai ƙare ba, inji ya wanku, hayaƙi ya ragu. Na buɗe na sunsuna. Ruwa ne mai kalar shayi, yana wari kamar an haɗa kananzir da maganin asibiti.

Baba ya juya gwangwanin, ya karanta Turancin da ke jiki da tabaransa a kan hanci, ya mayar ya ajiye.

"Kofur," haka yake kiran Kawu, "a Kasuwan Magani ka sayo, dole ka ce magani ne. Injin jirgi ya fi wannan motar girma sau nawa? Ban taɓa ganin an ɗiga masa komai ba."

"Yaya, na riga na zuba. Tun daga Kachia motan nan yana tafiya kamar an yi masa allura."

"Ka zuba? A motata?"

"A motanmu."

Daga ranar gidanmu bai sake zama lafiya ba. Lokacin gas yana wahalar samu, wani zubin sai a kwana biyu ana zarya gidan mai, don haka maganar ba ta wasa ba ce. Kawu ya rantse cewa tanki ɗaya yanzu yana kai shi inda da ba ya kai shi. Baba ya ce ƙafar Kawu ce ta yi sauƙi a kan totur saboda ya sa rai, in ma akwai wani bambanci. Agogon da ke ƙirga mil a motar ya mutu tun kafin su saye ta, ba wanda zai raba gardama. Da safe faɗa, da rana faɗa. Har a hanyar majami'a suna tafe suna yi ƙasa-ƙasa, Mama tana tsakiya da littafin waƙoƙinta.

Ita ce ta jawo ni ciki. Ina zaune ina duba littattafan yara ta zo ta tsaya a kaina.

"Ke ba kimiyya kika karanta ba? Ki auna musu abin nan mu huta."

Gaskiya na ji daɗi. Shekaruna ashirin da ɗaya, ina ganin duk wata tambaya a duniya tana da amsa in dai an bi ta a hankali. Na yago takarda na tsara yadda za a yi. Za a cika tanki har wuya a tsakar gida, daga duro ɗaya. A je Gidan Waya a dawo. A sake cikawa har wuya, ina ƙirga galan da kwalba nawa ya shiga. Asabar ta farko babu magani, ta biyu da magani. Tunda Kawu ya riga ya zuba, Baba ya shiga ƙarƙashin mota ya kwance tanki ya tsiyaye shi tas. Na ce a raina mako biyu an gama.

Kuskurena na farko shi ne ban bi motar ba. Asabar ta farko Kawu ya tashi da hantsi, bai dawo ba sai da rana ta karkata. Tanki ya sha gas har na fara tunanin ko ya huje. Asabar ta biyu, da magani a ciki, kafin Mama ta sauke tukunya ya dawo, abin da ya shiga tankin bai kai rabin na farko ba. Kawu ya cire hula ya yi fareti a tsakar gida, yana buga ƙafa yana sara wa gwangwanin. Fuskar Baba ta yi nauyi.

Ni ma lissafin bai kwanta mini ba. Na ce, "Kawu, ranar farko me ya tsayar da kai?"

"Ba komai. Na dai kai wasu mutane da kayan amarya."

"Ina?"

Ya ambaci wani ƙauye da ke can cikin duwatsu, nesa da titi, inda ko keke da ƙyar yake shiga. Gado, katifa, tukwane, buhunan hatsi, da mata goma sha wani abu suna waƙa a baya. Ranar ta biyu kuwa ba kowa, shi kaɗai ya je ya juyo.

"Kawu, ai ka ɓata awon! Na ce Gidan Waya ka dawo."

"To na je Gidan Waya, na dawo. Mutane suna tsaye a rana da kaya, in wuce su? Ke 'yar wane ne?"

Baba ya yi dariya har da tari. Na yage takardar na sake sabuwa.

Karo na biyu na shiga gaba na zauna kusa da Kawu da littafi a cinyata. Na sa aka cika buhu shida da yashi aka ɗora a baya, domin nauyi ya zama ɗaya. Na ce ba ɗaukar kowa, ko fasto ne ya ɗaga hannu. Baba ya sake tsiyaye tanki, yana gunaguni cewa bayansa ba na yaro ba ne.

Ranar da babu magani, Kawu ya tuƙa motar kamar ana bin mu da bindiga. Ya taka totur har ƙasa, ya riƙe ta a ƙaramin giya tana kuka, in ya hango rami sai ya iso bakinsa ya danna birki, sannan ya sake figa. Na riƙe ƙofa da hannu biyu, fensirina ya faɗi ban ma neme shi ba. Da na yi magana ya ce, "Kin gani? In babu magani haka yake, sai an matsa masa."

Asabar ta zagayo, aka zuba murfi ɗaya. Sai ga Kawu ya zama wani mutum dabam. Ya tashi motar a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Yana sauya giya tun kafin inji ya nema. Da muka kai gangara ya zare giya gaba ɗaya, muka sulala shiru, iska kawai ake ji da ƙarar taya. Har waƙar sujada yake rerawa.

"Kawu, me ya sa ka cire giya?"

"Ba ni ba ne. Motan ne yana jin daɗi."

"Wancan makon ba ka yi haka ba."

"Wancan makon ba shi da lafiya."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ƙarya yake yi da gangan ba. Na dube shi da kyau. Ya gaskata abin da yake faɗa. Da muka dawo ban ma tsaya aunawa ba, na wuce ɗaki na kwanta da takalmina. Ta taga ina jin Baba yana cewa, "Malama ta ƙi aunawa, ka san dalili," Kawu yana amsawa, "Don ta san abin da zai fito."

Kwana uku ina juya abin a raina, har a aji. Ranar Laraba, ina tsaye gaban allo, dabara ta zo mini. Muddin Kawu ya san ranar da aka zuba, ƙafarsa za ta bi zuciyarsa. To kada ya sani. Ni zan riƙe gwangwanin, ni zan zaɓi ranar, in zuba ko in ƙi zubawa ba wanda ya gani. Sai an gama duka biyun zan faɗa.

Na tara su bayan cin abincin rana na bayyana musu. Na rubuta sharuɗɗa a takarda: hanya ɗaya, buhu shida, duro ɗaya, gudu ɗaya, ba cire giya a gangara, kuma ba wanda zai taɓa motar tsakanin Asabar da Asabar sai don aikin yau da kullum, kafin kowace tafiya a tsiyaye tanki. Baba ya sa hannu da irin sa hannunsa na reluwe mai doguwar jela. Kawu ya sa nasa. Mama ta ce a yi addu'a, ta roƙi Ubangiji ya bayyana gaskiya ya kuma ba gidan nan salama. Muka ce amin. Na kai gwangwanin na sa a akwatina, ƙarƙashin zannuwa.

Wannan karon komai ya tafi yadda nake so. Ba a yi ruwa ba duk makonni biyun. Kawu ya bi gudun da na ce, idona a kan allurar gudu, wadda ita dai tana aiki. Asabar ta farko na zuba maganin, bayan na aike su duka biyu su ɗauko buhunan yashi daga bayan gida. Ta biyu ban zuba ba. Na auna da kaina, na durƙusa ina kallon wuyan tanki har gas ya taɓo zaren da na ɗaura alama. Da na haɗa lissafi, bambancin bai kai rabin kwalba ba. Wannan kuwa ko iska ce ta kaɗa dabam za ta iya kawo shi.

Na ja layi biyu a ƙarƙashin amsar. Na yi niyyar in faɗa musu ranar Lahadi bayan sujada, a tsanake, yadda ba wanda zai ji kunya. Har na shirya kalmomin da zan lallashi Kawu da su.

Da yamma ina taya Mama tsince acca a bakin madafa, na kasa riƙe abin a cikina, na gaya mata. Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da kaɗa faifai, ta fitar da ɗan tsakuwa ta yar.

"Kawunki yana da wani gwangwanin," in ji ta. "A ƙarƙashin kujerar mota yake ajiye shi."

Na tsaya da hannuna a cikin acca.

"Duka ranakun biyu ya zuba. Lokacin da kika shiga ɗauko littafinki."

"Mama!"

"Babanki kuma ya buɗe akwatinki ya duba gwangwanin, ya gane ranar da kika zuba. Ranar da ba ki zuba ba, tun da sassafe ya wanke filta ya ƙara wa tayoyi iska. Ranar farko kuwa, da ya ga maganin ya ragu, a kan idona ya rage musu iska kaɗan kafin ku tashi."

Wata shida ke nan ina koya wa yara cewa in za a gwada abu, abu ɗaya ake sauyawa a bar sauran yadda suke. A gidanmu kuwa ranar farko magani ninki biyu da taya mai laushi, rana ta biyu magani murfi ɗaya da taya mai tauri da filta wankakke. Lambobin da na ja wa layi biyu ba su nuna komai ba.

Na ce, "Kina gani, kika yi shiru? Ke fa kika ce in auna. Ke kika yi addu'a!"

"Ɗaya mijina ne, ɗaya ƙanena. Wanne zan tona a gaban wanne? Na ce bari in ga ko za ki gane da kanki."

Ranar Lahadi ban lallashi kowa ba. Muna dawowa daga majami'a, ko ɗankwali ban cire ba, na ajiye takardar sharuɗɗan a kan tebur na nuna musu sa hannunsu. Ban taɓa ɗaga wa Baba murya ba sai ranar.

Kawu bai ko musa ba. "'Yata, ki yi haƙuri. Amma ni ba zan bar inji da yunwa saboda lissafi ba. Ya riga ya saba. In ya lalace a hanya takarda ne zai tura shi?"

Baba ya gyara zama. "Ni taya kawai na duba. Duba taya aikin yau da kullum ne, yana cikin takardarki."

"Rage iska ma aikin yau da kullum ne, Baba? Buɗe akwatina fa?"

Ya cire tabarau ya shiga goge shi da bakin riga. Can ya ce, "Na san halin Kofur. Na san zai yi wani abu. Na daidaita ne kawai."

Sai suka juya kan juna, kowa yana cewa ɗan'uwansa ne ya fara. Na bar su a nan na fita, na bi layin dogo da ƙafa har na wuce inda ake juya kan jirgi, na zauna a kan wani tulin katakon layi har fushina ya ɗan sauka.

Na ɗauka abin ya ƙare a gida. Ashe ya riga ya fita gari. Ranar kasuwa ina ratsa tasha wani direba da ban sani ba ya cire hula ya gaishe ni.

"Malama, sannu da aiki. An ce ke kika gwada maganin nan. Ni ma na aika a sayo mini."

Na ce masa ban gano komai ba, awon ya lalace. Ya yi murmushi irin na wanda ya san ana ɓoye masa sirri, ya ce ya gane. Bayan kwana biyu wani tsohon abokin aikin Baba ya tare ni a ƙofar majami'a, ya yaba mini da na tabbatar wa duniya cewa abin ruwan banza ne. Daga baya har labari ya zo mini cewa mai sayarwar da kansa yana gaya wa mutane wata malamar kimiyya a Kafanchan ta auna ta ga yana aiki. Duk wanda na yi wa bayani sai ya saurare ni da ladabi, ya tafi da abin da ya zo da shi. Hedimastanmu ma ya kira ni ofis, ba don faɗa ba, yana so ya san ko zai yi wa babur ɗinsa amfani.

Na ga hanya ɗaya ce ta rage. In dai ina so in sani, sai in tuƙa motar da kaina, in riƙe makulli, in kulle ta inda ba mai taɓawa. Na gaya wa Kawu ya koya mini tuƙi. Na zaci zai ƙi. Sai ya tashi tsaye ya ce a soja ya ga mata suna tuƙa motar asibiti, me zai hana. Baba ne ya yi ta jan ƙafa, yana cewa me mutane za su ce, amma da Mama ta tambaye shi waɗanne mutane, sai ya haƙura.

Hutun Kirsimeti muka fara, a filin ƙwallon makarantarmu. Sitiyarin motar yana da nauyi kamar ana murɗa dutsen niƙa, kulocinta kuma sai na miƙe ƙafa gaba ɗaya. Kawu malami ne mai tsawa. "Kuloc! Kuloc! Kina so ki kashe shi?" Na kashe ta ya fi a ƙirga. Sau ɗaya na tafi da sandar gola. Hannuwana suka yi kanta, na yi kuka sau biyu, sau ɗaya a gabansa. Amma bai taɓa cewa mu bari ba, kuma ko sau ɗaya bai karɓe sitiyarin daga hannuna ba. Kafin Ista na kai mu Gidan Waya na dawo da mu, yana gefe ya naɗe hannu, mata a bakin hanya suna nuna ni.

Na samu izini a wajen hedimasta in riƙa kulle motar a shagon aikin hannu na makaranta. Na sayi sabon kwaɗo. Na tanadi duro, na sake cika buhunan yashi. Sannan na ce Kawu ya ba ni maganin.

Ya sosa ƙeya. Nasa ya ƙare tun watan jiya, na akwatina ma ya roƙi Mama ta ba shi ya ƙarasa. Ya ce ba komai, zai sayo. Ya je Kasuwan Magani sau biyu, mutumin ba ya nan. Masu shaguna suka ce ya daɗe bai zo ba, wasu suka ce ya koma Jos, wasu suka ce ya koma sayar da batir.

Ni da kaina na samo wani a wani shagon kayan mota a cikin gari. Gwangwaninsa shuɗi ne, amma alkawarin da ke jiki iri ɗaya ne, warin ma kusan ɗaya. Na kawo na ajiye musu a tebur na ce ga shi, Asabar zan fara.

Kawu ya sunsuna ya ture shi. "Wannan jabu ne. Ba zai shiga motan nan ba."

Na juya wajen Baba, ina jiran ya goyi bayana ko don ya ƙular da Kawu. Ya ɗauka ya karanta, ya ajiye.

"Kofur yana da gaskiya a nan," in ji shi. "Ko kin auna wannan, a kan shuɗi kika auna. Gardamarmu a kan ja ce."

Tun da jan gwangwanin ya shigo gidanmu ban taɓa jin bakinsu ya zo ɗaya ba sai ranar. Kuma abin haushin, maganar Baba daidai ce, da wani yaro ya faɗa mini ita a aji da na ba shi maki. Na ɗauki shuɗin gwangwanin na mayar wa mai shago.

Motar ta yi shekara huɗu a hannunmu bayan haka. Ranakun Asabar da lokacin hutu ni nake ɗaukarta, na kai matan zumuntar majami'armu taro har Zonkwa da Kagoro, na yi jigilar citta a shekarar da Kawu ya karye a hannu. Aka sayar da ita lokacin da ya samu aikin tuƙi a wani asibiti ya tashi da iyalinsa. Jan gwangwanin ban sake ganin irinsa ba, a Kafanchan ko a wani wuri, kuma na duba. Har yau ban san ko yana ƙara wa gas auki ba.